Bencin da Ya Koma Wurinsa

Duk wanda ya daɗe a garinmu Dubbo, nan Ostireliya, ya san Des Kerrigan, in ma bai san fuskarsa ba to ya taɓa jingina da aikin hannunsa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana kafinta kafin gwiwa ta zaunar da shi. Mutum ne mai fara'a da kyauta, in ƙofar gwauruwa ta karye shi ake kira, kuma ba ya karɓar ko sisi. Aibunsa ɗaya ne, amma babba: ba a gyara masa magana. Kullum abin da yake cika baki da shi shi ne idonsa ya fi tef ɗin awo gaskiya. Mun sha ganin ya dubi katako ya faɗi tsawonsa, a auna a tarar daidai ne, kuma wannan yabon da muka riƙa yi masa shi ya ƙarasa lalata shi.

A bayan gidansa akwai tafkin wanka, kamar yadda yake a rabin gidajen layinsu, don zafin Disamba a nan ba ya raga wa kowa. Shingen ƙarfen da ya kewaye tafkin Des ne ya kafa shi da kansa shekara ashirin da suka wuce. A jikin shingen ta waje, dab da ƙofa, ƙarƙashin bishiyar lemun tsami, akwai wani benci na jan icen turare. Daga ginshiƙan tsohuwar rumfar askin tumaki ta mahaifinsa ya fitar da katakon, ya sassaƙa shi ba tare da ƙusa ko ɗaya ba. A kansa yake shan shayin safe, a kansa yake karanta jarida, a kansa yake gardama da matarsa Lorraine kan wanda ya manta bai fitar da kwandon shara ba.

'Ya ɗaya suka haifa, Bronwyn, tana aure a Newcastle, tafiyar awa biyar a mota. Ita kuma tana da 'ya ɗaya, Pippa, mai shekara biyu da rabi. Des ba ya ganin kowa da gashi in ana zancen Pippa. Hotonta ne a aljihunsa, a firij, har a gaban motarsa.

A watan Oktoba Bronwyn ta bugo waya.

"Baba, muna so mu zo Kirsimeti, ni da Pippa. Babanta bai samu hutu a mahaƙar ma'adinai ba. Amma akwai sharaɗi."

"Sharaɗi kuma? A gidan ubanki?"

"Yarinyar nan ta zama biri. Jiya a saman firij na tsince ta, ban san yadda ta hau ba. Ina so ka kira ƙaramar hukuma su turo a duba shingen tafkin nan, su ba ka takardar shaida. In babu takarda, ba zan kawo ta ba."

Des ya yi dariyar da bai shirya ba. "Ke, a cikin tafkin nan kika girma, ga ki da ranki kina min tsiwa. Shingen da na kafa da hannuna ne wani yaro mai riƙe da biro zai zo ya duba?"

"Ban ce aikinka ba kyau ba, Baba. Na ce ina so in yi barci da ido biyu a rufe."

Ya ajiye waya yana huci. Washegari Lorraine da kanta ta cike takardar neman a zo a duba.

Wadda aka turo mace ce mai suna Narelle Pappas, ba za ta wuce shekara talatin ba, da babbar malafa da tef rataye a ƙugu. Ta gaishe shi da ladabi ta kama aiki. Ta auna tsawon shingen, mita ɗaya da santimita ashirin cif. Ta auna tsakanin sanduna, babu inda ya wuce santimita goma. Ta buɗe ƙofar ta saki, ƙofar ta koma da kanta, sakata ta faɗa ƙyas. Ta sake buɗewa ɗan kaɗan ta saki, haka dai. Des na tsaye ya harɗe hannu a ƙirji yana jiran yabo, kuma ya samu.

"Mista Kerrigan, ban cika ganin shinge mai kyau kamar wannan ba," in ji ta. "Abu biyu ne kawai suka rage. Babu allon da ke nuna yadda ake farfaɗo da wanda ya nutse, doka ta ce a rataye shi inda kowa zai gani. Sai kuma bencin nan."

"Me bencin ya yi?"

"Dole ya matsa. Ba a barin abin da yaro zai taka a cikin santimita casa'in daga shinge. Wannan kuwa manne yake da shi, kuma dab da ƙofa. An ɗaga sakatar sama ne don kada hannun yaro ya kai. In ya hau benci, an gama."

"Yarinya, tun ba ki bar makarantar firamare ba bencin nan yake a nan. Ko kare bai taɓa faɗawa ruwan nan ba."

"Kare ba ya ɗaga sakata, Mista Kerrigan."

Lorraine ta kwashe da dariya daga bakin taga, kuma ina jin wannan dariyar ce ta fi komai ƙona masa rai. Narelle ta rubuta abin da ya rage a gyara, ta ce za ta dawo bayan mako biyu.

Ranar da za ta dawo, Des ya tashi da wuri. Ya ɗora bencin a kan baro ya tura shi rumfar kayan aiki, ya lulluɓe shi da tsohon bargo. Ya share gurbin ƙafafunsa da tsintsiya har ya watsa ganye a wurin. Ya ɗaure sabon allo a jikin shinge da waya. Narelle ta zo, ta duba, ta ɗauki hotuna ta kowace kusurwa, ta sa hannu.

"Na san ba da son ranka ba ne," ta ce tana miƙa masa hannu. "Amma ka kyauta. Jikarka ta yi sa'ar kaka."

Ƙurar motarta ba ta gama kwantawa ba ya turo bencin ya mayar da shi gurbinsa, ƙafa huɗu a kan tabo huɗu. Ya kwance allon ya jefa shi bayan gwangwanayen fenti, wai ya ɓata wa lambu kyau, gida ya koma kamar asibiti.

Lorraine ta fito da tsumma a hannu ta tsaya tana kallonsa.

"Des, me kake yi haka?"

"Ina zaune a gidana, a kan bencina."

"Yanzu-yanzu matar nan ta sa hannu a kan cewa babu shi."

"Takarda Bronwyn ta ce tana so, ga takarda. In za su zo sai in ɗauke shi. Saura wata biyu fa, ki bar ni in sha shayina a inuwa."

"Ka yi alkawari?"

"Haba, tsohuwa, sai na rantse miki?"

A ransa da gaske yake a lokacin. Ya ɗauki hoton takardar ya aika wa Bronwyn, ta maido masa da saƙo cike da murna, ta ce ta san ba zai ba ta kunya ba. Ya karanta saƙon sau biyu, wani abu ya ɗan sosa masa zuciya, sai ya kunna rediyo.

Nuwamba ya wuce, Disamba ya shigo. Sau uku Lorraine tana tuna masa, sau uku yana cewa gobe. Gaskiyar magana ba ƙyuya ba ce ta hana shi. Duk lokacin da ya kama hannun baro sai ya tuna muryar nan mai cewa kare ba ya ɗaga sakata, sai ya ji in ya ɗauke bencin ya yarda ke nan yarinyar da ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba ta fi shi sanin shingensa. Ya riƙa auna tsakanin benci da sakata da ido, idon ya riƙa gaya masa abin da yake son ji: 'yar shekara biyu da rabi ba za ta kai ba.

Ana gobe Kirsimeti da la'asar motar Bronwyn ta shigo. Pippa ta diro da gudu ta rungume ƙafarsa tana kiran "Kaka! Kaka!" Des ya ɗaga ta sama har gwiwarsa ta yi ƙara, bai ko ji ba. Bronwyn kuwa ko jaka ba ta sauke ba ta karɓi 'yarta ta zagaya bayan gida. Ta girgiza shingen, ta buɗe ƙofa ta saki, ta ji ƙyas, ta gyaɗa kai. Sannan ta tsaya.

"Baba, wannan bencin bai yi kusa da ƙofa ba?"

A nan ne Allah ya ba shi dama ta ƙarshe, kuma mai sauƙi. Da ya ce, kin yi gaskiya, kama min mu ɗauke, da minti biyu ya isa. Amma Des ya murje ido.

"Ga takarda can manne a firij. Matar ta auna komai da tef ɗinta, ta ce ba ta taɓa ganin shinge irinsa ba."

"Har da bencin ta gani?"

"Yo makauniya ce? A gabanta yake."

Bronwyn ta dubi mahaifiyarta. Lorraine ta sunkuya tana gyara wa Pippa igiyar takalmi, ba ta ɗago ba. Ba ta son ta ƙaryata mijinta a gaban 'yarsa, ga shi ana gobe biki, ta ce a ranta in an natsa za ta sa shi ya ɗauke.

"To shi ke nan," in ji Bronwyn, ta sauke ajiyar zuciya. "In kai ka faɗa, na yarda."

Ranar Kirsimeti ta yi daɗi yadda ba a zata ba. Aka ci jatan lande mai sanyi da naman da Des ya gasa a lambu, aka sa hulunan takarda, Lorraine ta yanka mangwaro har kwano ya cika. Da rana ta yi sanyi suka shiga ruwa su duka, Pippa a hannun uwarta tana dukan ruwa tana ihu, tana bin wata jar ƙwallo da kakanta ya saya mata. Duk shiga da fita tana kallon yadda Des yake ɗaga maɓallin sakata sama. Bayan sun fito, shi da kansa ya ɗora ta a kan benci ya goge mata ƙafa, ta miƙe tsaye a kai tana leƙen ruwa ta tsakanin sanduna. Ya lura kanta ya kusa kaiwa saman shinge, ya ce a ransa yarinyar ta yi tsawo, ya sauke ta. Ƙwallon aka manta da ita a cikin tafki.

Washegari ranar wasan kurket ce, wasan nan na buga ƙwallo da sanda, ranar da babu namiji a garin nan da ake iya yi wa magana. Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe Lorraine na ɗakin girki, Bronwyn ta ce za ta watsa ruwa.

"Baba, ga Pippa nan a hannunka. Minti goma. Kada ka ɗauke ido."

"Je ki abinki. Ni da 'yar tsakona muna da hira."

Suna zaune a kan ciyawa tana zuba masa shayin ƙarya a ɗan kofin roba, sai ya jiyo ihu daga talabijin a falo, ga alama an fitar da wani babban ɗan wasa. Ya dubi ƙofar tafki, a rufe take. Ya ce, "Zauna nan, ina zuwa," ya leƙa ciki. Aka sake nuna bugun, aka sake nunawa ta wata kusurwa, alƙalai suka shiga shawara. Shi dai ya rantse daga baya cewa bai fi minti biyu ba. Lorraine ta ce ta gama yanka albasa uku yana tsaye a wurin.

Da ya fito, kofin roba na kan ciyawa, Pippa ba ta nan. Abin da ya fara dubawa ƙofar tafki ce, ya gan ta a rufe ruf, sakata a gurbinta, sai hankalinsa ya kwanta. Ya nufi rumfar kayan aiki yana kiranta cikin wasa. Ya duba bayan tankin ruwa. Ya zagaya gaban gida ya leƙa titi. Sai da ya dawo ta ƙarƙashin bishiyar lemun tsami ya ga takalminta ɗaya, ɗan ƙarami mai ruwan ɗorawa, a kan bencin.

Ƙofar da ya gina ta yi aikinta yadda ya kamata. Yarinya ta buɗe ta shiga, ƙofa ta rufe kanta a bayanta.

Babu wanda ya ji faɗuwarta, babu kuka, babu fantsamar ruwa. Tana kife a gefe mai zurfi, jar ƙwallon na yawo kusa da kanta. Des bai san yadda ya shiga ba, ya dai tsinci kansa a cikin ruwa da tufafinsa, yana ɗago jikin da ya saki kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ya shimfiɗe ta a bakin tafki, leɓɓanta sun yi shuɗi, sai mutumin nan da ya san komai ya durƙusa yana jijjiga ta yana kiran sunanta, bai san abin da ake yi ba.

Bronwyn ta fito da gudu da kumfa a kanta. Ta ture shi gefe ta faɗi a kan 'yarta.

"Mama! Allon! Karanta min allon, me ya ce in fara yi?"

Lorraine ta ruga jikin shinge. Babu komai a wurin sai guntayen waya biyu suna lilo. Ta juyo ta dubi mijinta, kallon da har yau yake gani in ya rufe ido, sannan ta ruga ta ɗauko waya ta kira motar asibiti. Muryar wata mata a waya ce ta riƙa faɗa, Lorraine na maimaitawa da ƙarfi, Bronwyn na hura iska a bakin yarinyar tana danna ƙirjinta tana ƙirgawa. Des na durƙushe ruwa na ɗiga daga rigarsa, ba shi da amfanin komai. A zagaye na huɗu Pippa ta amayo ruwa, ta yi wani siririn kuka kamar na 'yar kyanwa.

Kwana uku ta yi a asibiti. A rana ta biyu da hantsi likita ya fito ya ce ta tsallake, ƙwaƙwalwarta ba ta taɓu ba, amma da an ƙara minti ɗaya ko biyu da wani zancen ake yi. Bronwyn ta zauna a kan kujerar baranda ta yi kukan da ta riƙe tun jiya. Da ta share hawaye, sai fushi ya maye gurbinsa.

"Matar nan sai ta bar aikin nan," ta ce. "Me sunanta? Narelle? Ta ga benci manne da ƙofa, ta ga babu allo, ta sa hannu ta tafi abinta. Gobe da safe zan rubuta ƙara. Zan kai ta har gaban jarida. Gida nawa ta sa wa hannu haka? Baba, kai ne shaidata, za ka faɗa musu a gabanta bencin yake."

Des ya dubi Lorraine, ita kuma ta zuba masa ido. Ya gane cewa in ya yi shiru yau, mace marar laifi za ta rasa abincinta saboda ƙaryarsa, kuma hotunan da ta ɗauka za su tona shi ko ba daɗe ko ba jima. Amma ba tsoron hotuna ne ya buɗe masa baki ba. Ya gaji ne da jin 'yarsa tana kiransa shaida.

"Bronwyn, ba ta ga bencin ba."

"Kamar yaya?"

"Ta gan shi a zuwan farko, ta ce in ɗauke. Ranar da ta dawo na ɓoye shi a rumfa, na rataye allo. Tana tafiya na mayar da shi, na cire allon. Ita ta yi aikinta. Ni ne."

Ya so ƙwarai ta yi masa ihu, ta zage shi, ko ta mare shi a gaban ma'aikatan jinya. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallonsa kamar tana neman inda ta san shi.

"Na tambaye ka, Baba," ta ce a hankali. "Ina tsaye, Pippa na hannuna, na tambaye ka da bakina."

"Na sani."

"Ka dubi idona ka ce a gabanta yake."

"Na ɗauka hannunta ba zai kai ba. Na auna da ido..."

"Da ido," in ji ta. Ta juya wurin mahaifiyarta. "Mama, ke ma kin sani?"

Lorraine ta rufe fuska da hannu biyu. A nan Des ya ga cewa ba kansa kaɗai ya zubar ba, ya jawo matar da ta yi shekara talatin ba ta taɓa yi wa 'yarta ƙarya ba ya tsoma ta a ciki. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da aka sallami Pippa, daga asibiti Bronwyn ta kama hanyar Newcastle. Lorraine ce ta haɗa musu kayansu ta kai mota, don Bronwyn ta ce ba za ta sake taka gidan ba.

Bayan sabuwar shekara Narelle ta dawo, kamar yadda ake yi duk inda irin wannan ta faru. Des ya tarye ta a ƙofa da hularsa a hannu, ya gaya mata komai kafin ta tambaya, ya ce ya yaudare ta, yana neman gafara. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya yarinyar?"

"Ta warke. Sai dai ko kwanon wanka aka cika sai ta yi kuka."

Narelle ta dubi tabo huɗu na ƙafafun benci. "Ba ni ka yaudara ba, Mista Kerrigan," ta ce. "Ni na iya iyo."

Labari ya zaga gari, don Dubbo ba ta riƙe sirri. Ba wanda ya zage shi, kuma hakan ya fi ciwo. Abokansa a kulob suka daina tsokanarsa da ya faɗi tsawon tebur da ido, shi ma ya daina zuwa. Ya kai bencin barandar gaban gida ya ɗaure shi a siminti da manyan kusoshi, amma bai sake zama a kansa ba. Ya sare reshen lemun tsami da ya karkato kan shinge. Ya rataye allo biyu. Ya shiga ajin koyon farfaɗo da wanda ya nutse, ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo a tsakiyar matasan iyaye yana danna ƙirjin 'yar tsana. Duk Lahadi yana buga wa Bronwyn waya, wani lokaci ta ɗauka ta ce suna lafiya, wani lokaci ta bar ta tana ƙara.

A watan Afrilu, wata Asabar da rana, motarta ta tsaya a ƙofar gida. Des ya fito da sauri yana leƙen kujerar baya. Babu kowa a ciki. Bronwyn ta rungume mahaifiyarta, shi kuma ta gaishe shi a taƙaice, ta wuce bayan gida. Daga jakarta ta zaro tef ɗin awo, ya gane shi nan take. Shi ya ba ta ranar da ta cika shekara goma, lokacin da take binsa wurin aiki ran Asabar tana riƙe masa bakin tef yana karantawa.

"Na gyara komai," ya ce da sauri. "Narelle ta sake dubawa, ga sabuwar takarda a firij, bari in ɗauko miki."

"Bar ta. Riƙe min nan."

Ta miƙa masa bakin tef ɗin. Ya durƙusa a gindin shingen da ya kafa da hannunsa ya danne shi a ƙasa, ita ta ja ta karanta. Suka bi sanda bayan sanda, kusurwa bayan kusurwa. Ta auna daga shinge zuwa tukunyar fure, daga shinge zuwa murhun gashi, daga ƙasa zuwa sakata. Ta buɗe ƙofa ta saki ya fi sau ashirin. Sau biyu ya buɗe baki zai faɗa mata adadin kafin ta karanta, don idonsa ya riga ya gani, sau biyu ya haɗiye. Sun fi awa ɗaya a cikin rana, Lorraine na kallonsu ta taga tana share ido da bakin riga.

Da suka kai sandar ƙarshe, Bronwyn ta tsaya ba ta dube shi ba.

"Pippa tana tambayarka kullum. Zan kawo ta a watan Yuni. Amma duk zuwan da zan yi sai na auna da kaina kafin ta sauka daga mota. Kuma ba zan bar ka da ita kai kaɗai ba. Ban san sai yaushe ba."

"To," in ji Des.

Yana nan durƙushe, yatsansa a kan bakin tef, kansa a sunkuye, har sai da ta ce, "Saki, Baba. Na gama."

Darasin da ke cikin labarin nan a fili yake. Dokar shinge da ƙofa ba don jami'in da ya zo dubawa aka yi ta ba, an yi ta ne don ƙaramin yaron da bai san ruwa yana kisa ba. Wanda ya gyara gidansa na rana ɗaya don ya karɓi takarda, ya ɓata shi bayan an juya baya, nasa ya jefa a haɗari, ba hukuma ba. Ƙwarewa da yawan shekaru ba sa hana mutum kuskure, kuma gyara ba ya zama raini don ya fito daga bakin wanda ka girma. Des ya yi sa'a jikarsa ta rayu, amma yardar da 'yarsa ta yi shekara talatin tana ba shi ba tare da tambaya ba, a magana ɗaya ya zubar da ita. In an nuna maka abin da zai cutar da wanda aka ba ka amana, ka kawar da shi a ranar, kuma in an tambaye ka, ka faɗi gaskiya ko da za ta rage maka girma.